Falle biyu da digiri ɗaya: littafin aikina na girafin

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafi da Hausa ne saboda Kawu. Duk lokacin da na je wurinsa a Makka ya tambaye ni wane irin karatu ne ya kawo ni bakin Bahar Maliya, sai bakina ya yi nauyi, in ce masa kimiyyar lantarki ce, shi ke nan. Abin yana damuna. Idan na kasa faɗa wa ɗan'uwan mahaifiyata abin da nake yi da harshen da ya raine ni da shi, anya na fahimci aikin kuwa?

Ga aikin a taƙaice. Baƙin abin da ke cikin fensir, wato girafait, falle-falle ne a jere kamar takardun littafi. Idan ka ɓare falle ɗaya tak, mai kaurin ƙwayar zarra guda, shi ake kira girafin. Ƙwayoyin kabon ne a shimfiɗe cikin tsari irin na saƙar zuma. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka fara ɓaro shi a Jami'ar Manchesta ta Ingila a 2004, da salatif, kuma a 2010 aka ba su kyautar Nobel a kai. Ni abin da nake nema shi ne in ɗora falle ɗaya a kan wani, na saman a murɗe da kimanin digiri 1.1, in sanyaya su, in ga yadda lantarki zai bi ta ciki.

Har yau da salatif muke aiki. Na manna girafait a jikinsa, na ninka na buɗe, na ninka na buɗe, sannan na danna shi a kan 'yan gutattsarin silikon goma sha biyu. Silikon ɗin yana da wata shimfiɗa a samansa mai kaurin nanomita 285 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ita ce ke sa a iya ganin girafin da ido a madubin ƙara girma, don shi kansa kashi 2.3 cikin ɗari kawai na haske yake sha. Kamar inuwar hayaƙi yake a kan shuɗi mai ratsin ja. Awa huɗu ina dubawa. Na samu falle uku masu faɗin da zai ishe ni.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mako guda a kan boron naitared. Shi ne shimfiɗa da mayafin girafin, don idan aka ajiye girafin kai tsaye a kan silikon, gargadar wurin da dattinsa suna dagula tafiyar lantarki. Shi boron naitared sumul yake, kuma ba ya barin wuta ta bi ta cikinsa. Mafi yawan ɗakunan bincike na duniya daga hannun mutum biyu suke samun mai kyau, Kenji Watanabe da Takashi Taniguchi na cibiyar NIMS a Tsukuba ta Japan, shi ya sa sunayensu suke kan dubban takardun bincike. Da launi nake gane kaurinsa. Na ware guda takwas masu shuɗi mai haske, ba tsaga, ba tabo.

Juma'a, 24 ga Janairu

Bayan an sauko daga masallaci na wuce shagon Kawu a Shara Mansur. Ya fi shekara talatin yana ɗinki a nan. Na same shi yana sa wa wata riga shafi, rediyo na karatu a hankali, kofin shayi ya huce a gefen keke. Da muka gaisa ya ce, "To ɗana, yau ma kimiyyar lantarkin ce?"

Na ce, "Kawu, ku ara mini mayafin can mai shara-shara."

Na ninka shi biyu, na ɗaga saitin hasken ƙofa, na ɗan karkata falle ɗaya. Nan take wani zane mai kama da igiyar ruwa ya fito, manya-manyan layuka da babu su a ko ɗaya daga cikin fallayen. Kawu bai ko yi mamaki ba. Ya ce ai kullum yana ganinsa, har a gidan sauro idan ya ninku, kuma idan karkatar ta yi ƙanƙanta ruwan ya fi faɗi. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ainihin lissafin, kuma da idonsa ya gano ta. A girafin, tazarar da ke tsakanin ido da ido na saƙar nanomita 0.246 ce. Idan aka karkata falle biyu da digiri 1.1, sabon zanen da ke fitowa faɗin kowane gidansa kusan nanomita 13 ne, ya ninka na asali sau hamsin da wani abu, kuma a cikin gida ɗaya akwai ƙwayoyin kabon fiye da dubu goma. Masana suna kiran wannan zane muware, daga Faransanci, sunan wani yadi ne mai sheƙin ruwa. Da na faɗa wa Kawu daga teloli kalmar ta fito, sai ya gyara zama.

Sai ya ce to mene ne amfanin ruwan. Na ce masa ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, ilektiron, a falle ɗaya na girafin gudu suke kamar motoci a hanyar Jidda zuwa Makka da tsakar dare, kusan kilomita dubu a daƙiƙa guda, ba wanda ya damu da wani. Amma a daidai wannan kusurwa, zanen yana rage musu gudu har su kusa tsayawa. Daga nan sai su koma kamar masu ɗawafi a goman ƙarshe na azumi: ba ka ɗaga ƙafa sai ka san inda na gabanka da na gefenka suka sa tasu. Idan tafiyar kowa ta rataya a kan ta kowa, taron yana yin abin da mutum ɗaya ba zai yi ba. Wani lokaci ya tsaya cak. Wani lokaci kuma ya gudana gaba ɗaya ba tirjiya ko kaɗan.

Kawu ya yi shiru yana murza mayafin tsakanin yatsu. Can ya ce, "Aikinka da wuya. Yadi mai santsi guda biyu ba sa zama yadda ka ajiye su."

Na ci tsire a bakin layi kafin in kama hanya.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Samfuri na farko. Dabarar da ake bi tun wajen 2016 ita ce a yaga falle ɗaya gida biyu, domin idan daga falle ɗaya suka fito ka tabbata saƙarsu ta fuskanci wuri guda, kusurwar da ka murɗa kuma ita ce kusurwar da ke tsakaninsu. Ina da ɗan kumburin roba kamar ɗigon ruwa a kan gilashi, an lulluɓe shi da siririyar leda mai danƙo. Da shi na ɗauki boron naitared. Na sauke gefensa a kan rabin girafin, na ɗaga a hankali, rabin ya biyo shi, rabin ya zauna. Na juya faifan da ke ƙasa da digiri 1.3, na ɗauki sauran rabin. Ana ƙara kaɗan ne da gangan, saboda an san zai zame ya ragu. Daga ƙarshe na ɗora duka a kan boron naitared na ƙasa, na narkar da ledar a zafin digiri 180, na wanke ta da kulorofom.

Hannuna yana rawa lokacin da nake sauke gilashin. Motsi na ƙarshe ba ya wuce kaurin gashi, kuma numfashi ma sai ka riƙe.

Talata, 11 ga Fabrairu

Uku sun tafi. Na farko ya yamutse wajen ɗauka ta biyu. Na biyu kumfa ta cika shi, datti da iska da suka maƙale tsakanin fallayen, babu wani fili mai tsabta da ya kai a yanka. Na uku ya yi kyau a ido, amma da na haska shi da leza na duba yadda hasken ya dawo, alamar ta nuna fallayen sun koma mazauninsu na asali.

Wannan shi ne abin da Kawu ya faɗa. Girafin biyu suna da zaman da suka fi so, irin wanda suke yi a cikin fensir, babu karkata ko kaɗan. Digiri 1.1 kusa yake ƙwarai da wannan zama, don haka ɗan zafi, ɗan ja, ɗan girgiza, sai su sulale su koma gida. Da kusurwar digiri ashirin ce da ba su damu ba.

Yau na sake karanta tarihin abin da wani ido. Rafi Bistritzer da Allan MacDonald na Jami'ar Texas a Austin sun yi lissafi tun 2011, suka ce a wajen digiri 1.05 gudun ilektiron zai kusa mutuwa. Su suka laƙaba mata sunan da ke nufin kusurwar sihiri, ni dai na fi son in ce kusurwar mamaki. Sai a watan Maris na 2018 ɗakin binciken Pablo Jarillo-Herrero a MIT ta Amurka, da ɗalibinsa Yuan Cao, suka fitar da takardu biyu a mujallar Nature suna nuna abin da ke faruwa a wurin: toshewar lantarki inda ba a zata ba, da kuma gudunsa ba tirjiya a sanyin da ya kai kelbin 1.7 (kelbin ma'auni ne da ke farawa daga sanyin da babu sanyi bayansa). A da ina mamakin shekara bakwai da ke tsakani. Yanzu da na rasa uku a kwana tara, na daina. Lissafin yana kan takarda, amma sai da aka samu hannun da zai iya riƙe falle biyu a inda ba sa son zama. A 2020 aka haɗa Jarillo-Herrero da MacDonald da Bistritzer aka ba su kyautar Wolf, kuma a ganina haɗin ya dace, don ɗaya ba ya tsayawa sai da ɗaya.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na daina yagawa. Yagar tana jan fallen, tana barin gefensa a tattare, kuma daga nan zamewar take farawa. Yanzu da tsinin allurar madubin da ke shafa ƙwayoyin zarra nake yanka girafin gida biyu tun kafin in ɗauka. Na kuma rage zafin faifan lokacin ɗauka, na rage saurin sauke gilashi ta yadda gaban haɗuwar zai riƙa tafiya a hankali yana tura kumfa waje. Da na ba Kawu labari a waya sai ya ce, "Da ma wa ya ce ka yaga? Atamfa ake yagawa. Mai santsi sai almakashi, kuma ba a sa masa dutsen guga mai zafi."

Na huɗu da na biyar ba su yi ba. Na shida yana da fili mai tsabta, tsawonsa ya kusa maikuromita goma, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar 1 ga wata, aikina ya koma dare. Bayan tarawihi nake shiga ɗakin da ba a shiga sai da riga mai rufe jiki duka da safar hannu, in fito gab da sahur. Na fi son haka. Ba layi a kan na'urori, ginin ma ya fi natsuwa, kuma wannan aiki ba ya son girgiza.

Na shida ya sha mako guda a hannuna. Na zana masa siffa da harbin ilektiron, na cinye gefunan da iskar gas har bakin girafin ya bayyana a tsakanin boron naitared biyu kamar nama a cikin burodi, na zuba kuromiyam da zinariya su taɓa wannan baki. Wayoyi takwas suka fito tsaf. Jiya da dare wajen ɗinke su da allon gwaji na manta ban ɗaura igiyar da ke sauke lantarkin jiki a wuyan hannuna ba. Iskar ɗakin a bushe take saboda na'urar sanyaya wuri. Ban ji komai ba, ban ga tartsatsi ba. Da na auna, wayoyi biyar sun mutu, a madubi kuma ga wani ɗan baƙin tabo a tsakiya.

Na zauna a wurin na daɗe. Laifina ne ni kaɗai, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai. Na rubuta takarda da manyan baƙaƙe na manna a jikin na'urar ɗinkin wayar, saitin ido.

Talata, 18 ga Maris

Na bakwai ya shiga sanyi, karo na farko da wani samfurina ya kai nan. Tukunyar da muke da ita a ɗakinmu da hiliyam take aiki, tana sauka zuwa kelbin 1.8, wato ƙasa da digiri biyu a saman sanyin da babu sanyi bayansa.

Abin da ya sa nake ƙaunar wannan fanni shi ne ƙofar. A ƙarƙashin samfurin akwai wani falle mai ɗaukar wuta. Idan na ƙara masa bolt, wato ƙarfin wuta, sai ilektiron su shigo girafin, idan na rage su fita. Masu binciken wasu ma'adanai sai sun dafa sabon dutse duk lokacin da suke son canza yawan ilektiron, wata da watanni. Ni maɓalli nake murɗawa. Kowane gida na zanen muware yana ɗaukar ƙarin ilektiron huɗu, ko a cire masa huɗu. Idan ya cika, ko ya zama wayam, tirjiya sai ta yi tsalle sama. Daga inda tsallen ya faru ake lissafa girman gidan, daga girman gidan a san kusurwa. A digiri 1.1 ana sa ran ganinsa a wajen ilektiron tiriliyan 2.8 a kowane murabba'in santimita.

Nawa ya yi tsalle a 1.5. Kusurwar ta zame zuwa wajen 0.8. Ba ita nake nema ba, amma layin da ya fito a kwamfuta tsaf yake, wayoyi duka suna aiki, kuma zanen muware na gaske ne na gani da lantarki. Na sha ruwan sahur ina kallonsa.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Na yi idi a Makka, na ci tuwo a gidan Kawu tare da 'ya'yansa, waɗanda Hausarsu ke gauraye da Larabci. Autarsa da ke sakandare ta sa na sake nuna mata abin mayafin, ta ɗauka a waya. Na takwas ya lalace tun kafin Sallah. Na tara yana jirana a cikin akwatin da babu iska.

Talata, 15 ga Afrilu

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna na dare layin ya fara fitowa. Na tara ya yi tsallen cika a 2.7, wato digiri 1.08. Na tashi tsaye. Na rage saurin ƙofar na sake bi daga farko, sai ga wani ƙaramin tudu a daidai rabin hanya, a ɓangaren da ake cire ilektiron, inda kowane gida ya rasa biyu.

Wannan tudu shi ne abin da na zo nema tun Janairu. Bisa ƙa'idar da aka koya mana a aji, wurin da ya cika rabi dole ya bar wuta ta wuce, don akwai sarari. A ce ɗakuna ne a jere, kowanne na mutum huɗu, amma biyu-biyu ne a ciki. Ba abin da zai hana mutum ya tashi ya shiga na gaba. Idan aka ga kowa ya ƙi motsi, to ba rashin wuri ba ne, ƙyamar juna ce ta fi ƙarfin sha'awar tafiya. Ilektiron suna tunkuɗe juna ko da yaushe, amma a yawancin ma'adanai gudunsu yana rufe wannan. A nan gudun ya mutu, tunkuɗar ta fito fili. Na ɗaga zafi zuwa kelbin 10, tudun ya narke. Na sauke, ya dawo.

A gefen tudun, idan na ƙara cire ilektiron kaɗan, tirjiyar tana faɗuwa sosai yayin da sanyi ke ƙaruwa. A nan ne mutanen MIT suka ga gudu ba tirjiya. Abokin aikina da ya shigo da asuba ya kalli allon ya ce in aika wa malaminmu cewa mun samu. Na aika masa hoton, amma na rubuta cewa tirjiya tana sauka, ba ta kai sifili ba. A kelbin 1.8 ba ta kai ba, kuma abu da yawa yana iya sa layi ya sunkuya. Kafin in ce gudu ba tirjiya ne sai na ga sifili na gaske, na ga iyakar wutar da idan aka wuce ta tirjiya ke dawowa farat ɗaya, na kuma ga ɗan ƙaramin maganaɗisu ya kashe abin. Tun 1911 da Kamerlingh Onnes ya fara ganin wannan hali a cikin zaiba a Leiden ake yi wa duk mai da'awa tambayoyi masu tsauri, kuma daidai ne a yi mini.

Akwai kuma abin da bai kwanta mini ba. Wayoyi biyun hagu suna ba ni 1.08, biyun dama suna ba ni kusan 1.16, tudun ma a can da kyar ake ganinsa. Ke nan kusurwar ba ɗaya ba ce a faɗin samfurin, ta ɗan murɗe daga wannan gefe zuwa wancan a tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. Wannan ciwon kowa ne a fannin, kuma shi ne dalilin da ya sa samfuri biyu masu kusurwa ɗaya a takarda sukan ba da sakamako daban. Duk abin da zan faɗa nan gaba, a kan gefen hagu kawai zan faɗe shi.

Laraba, 23 ga Afrilu

An ba ni kwana goma a babban firij na wani ɗakin bincike da ke ginin gaba da namu, wanda ke gauraya hiliyam iri biyu ya sauka ƙasa da kelbin 0.02. Ranar Lahadi za mu saka samfurin.

Kwanakin jira na cika su da karatu. Fannin ya yi nisa tun 2018. A 2019 wasu a Stanford suka ga falle biyun sun zama maganaɗisu, alhali kabon zalla ne. A 2021 aka gwada falle uku, kusurwarsu ta mamaki ta kai wajen 1.56, wadda ta fi sauƙin riƙewa. A 2023 ɗakin Xiaodong Xu a Jami'ar Washington ya murɗa wani ma'adani daban, molibdenam da teluriyam, ya ga ilektiron suna aiki kamar an raba cajinsu gida-gida, ba tare da an kawo maganaɗisu daga waje ba. Tambayar da ta fi ja na ita ce wadda ake ta gardama a kanta: me ke haɗa ilektiron biyu-biyu har su gudu ba tirjiya a girafin da aka murɗa? Rawar ƙwayoyin kabon ce, kamar yadda yake a zaiba, ko kuwa tunkuɗar junan ce da kanta ta juye ta zama haɗin kai? Masu ra'ayi na biyu suna nuna kamar da ke tsakaninsa da ma'adanan tagulla da Bednorz da Müller suka gano a 1986, inda shi ma gudun ke fitowa a gefen toshewa. Zuciyata ta karkata can, amma samfuri ɗaya mai kusurwa biyu ba zai raba wannan gardama ba.

Kawu ya kira bayan isha'i ya ce, "Yadin ya zauna?" Na ce rabinsa ya zauna, Kawu. Ya ce to a yi aiki da rabin, Allah ya sa albarka.

Na gwada wayoyin yau, takwas duka suna nan. Na mayar da samfurin akwati, kowace waya a haɗe da ƙasa. Gobe zan ɗinke shi a sabon allon da ya dace da firij ɗin, in auna tacewar layukan don kada hayaniyar wutar ɗaki ta ɗumama ilektiron. Saukar sanyin za ta ci kusan kwana biyu, don haka awon farko sai daren Talata, kuma da gefen hagu zan fara.